Wanda Ya Sassaƙa Ka, Ya Mallake Ka?

A farkon shekarar 1956, a birnin New York na Amurka, wata budurwa 'yar Ingila mai shekara 20, Julie Andrews, ta sami kanta cikin tsaka mai wuya. An ɗauke ta ta fito a matsayin Eliza Doolittle cikin wasan dandamali mai waƙe-waƙe da ake kira My Fair Lady, wanda aka gina a kan wasan Pygmalion na George Bernard Shaw. Labarin na Landan ne ta wajen 1912, zamanin da harshen mutum kan tona asalinsa tun bai gama gaisuwa ba. Eliza mai tallar furanni ce, sai wani masanin furuci, Farfesa Higgins, ya ci alwashin mayar da ita kamar 'yar sarauta cikin wata shida.

Murya kam Allah ya ba Julie, don tun tana ƙarama take waƙa a gaban jama'a. Amma wasan ya ƙi zama a jikinta. Ga shi kuma dole ta koyi karin harshen talakawan Landan, wanda ba nata ba ne, domin ta zo ta nuna wa 'yan kallo tana yaye shi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai mai ba da umarni, Moss Hart, ya sallami sauran 'yan wasa na kwana biyu, ya tsare ta da aiki, yana tsayar da ita, yana gyara, yana sa ta maimaita, babu sassauci. Aka buɗe wasan ran 15 ga Maris, aka yi shi sau 2,717 kafin a rufe.

To, ya kai mai karatu, ka lura da abin mamaki: abin da Higgins ya yi wa Eliza a cikin wasa, kusan shi Hart ya yi wa Julie a bayan labule. Me ya sa muke jin haushin na farko, muna yaba wa na biyu?

Wani zai ce yarda ce ta raba su. Ban gamsu ba, domin Eliza da ƙafarta ta je gidan Higgins, har da tayin kuɗin karatu. Wani zai ce tsanani ne, alhali shi ma Hart bai shafa wa Julie zuma a baki ba. A ganina bambancin yana ga abin da ya biyo bayan nasara. Daren da Eliza ta burge manyan gari, Higgins da abokinsa Pickering suka dawo gida suna ta yaba wa juna, ita tana tsaye a gefe kamar turmin da aka gama sassaƙawa. Bai taɓa tambayar kansa ina za ta dosa ba, ga ta ta fi ƙarfin talla, ba ta kuwa da gidan komawa. Shi kuwa Hart, da aka ɗaga labule sai ya koma cikin duhu, tafin ya sauka a kan mai shi.

Mu marubuta mun san wannan hali. Yaro ya kawo maka rubutunsa, ka yi masa jan biro har ya yi kamar zai yi kuka, littafi ya fito ya karɓu. Daga nan sai ka ji kana son duk inda aka ambace shi a ambace ka, in ya saɓa wa ra'ayinka ka ce ya yi butulci. Ni ma na taɓa jin wannan ƙaiƙayi, ba zan ɓoye ba. Godiya hakkinka ce, amma itacen da ka sassaƙa ba kai ka shuka shi ba.

Akwai kuma mai mallaka na uku da ba ya koyarwa, ba ya koyo. Da aka zo mayar da wasan fim a 1964, mai kamfani Jack Warner ya ga sunan Julie bai isa ya jawo kuɗi ba, ya ba Audrey Hepburn matsayin. Yawancin waƙoƙin kuma wata mawaƙiya, Marni Nixon, ta rera su a madadinta, ba a ko sa sunanta a jikin fim ɗin ba.