Tsoro Na Daji, Kunya Na Gida

Hausawa sun raba wa waɗannan halaye biyu muhalli: kunya ta zauna a gida inda ake ganin ido, tsoro kuma ya tafi daji inda ba a san ɗan wane ba. Abin da maganar ke nufi shi ne, wanda ya ja da baya a dawa bai yi abin kunya ba.

Yaron cikin badala kuwa da akasin haka ya tashi. Tun yana tatata ake ce masa namiji ba ya tsoro. Dabbar da ya sani ita ce kurar gardawa a bakin Kasuwar Kurmi, da takunkumi a baki, ana ɗora yara a bayanta, sai kuma zakin Gidan Zoo na Audu Bako da ake kai su gani ranar yawon Sallah. To, ko shi wannan zakin ya taɓa ficewa daga kejinsa a watan Oktoba na 2019, aka kwana ana fama kafin a mayar da shi. Sai ka ɗauki irin wannan yaro ka bi da shi hanyar Jos, ku shiga Dajin Falgore, ya hango gwaggon biri ya nufe shi da gyaɗa a hannu. Biri ba ya raba mai kyauta da mai tsokana, balle uwar da ke goye da ɗa.

Ni dai a ganina ba manyan namun daji ne abin fargabar ba. Kububuwa ce, 'yar ƙarama mai launin ƙasa, da ke kwanciya ƙarƙashin dutse ko cikin karan da aka tara bayan girbi. Shi ya sa babba ke shiga gaba da sanda, wani babban a baya, yara a tsakiya da takalma rufaffu, kuma ba mai zura hannu a rami ko kogon bishiya.

Inda kunya ke kisa shi ne bayan sara. Yaro ya taka abu, ya ji zafi, ya yi gum don kada sa'o'insa su kira shi matsoraci, ko don gudun dukan Baba. Dafin kububuwa kuwa hana jini daskarewa yake yi. Sai an jima ƙafa ta kumbura, dasashi ya fara zubar da jini. Don haka tun kafin a fita Ƙofar Nasarawa uba ya ce, "Duk wanda wani abu ya taɓa, ya faɗa mini nan take, ba zan yi faɗa ba." In ta faru, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da igiya. A goya yaron kada ya taka, a nufi asibiti mafi kusa, a gaya wa likita lokacin da abin ya sare shi.