Makoki Ko Biki?

 A Indiya mabiya addinin Hindu ƙona gawa suke yi. Mu kuwa Allah Ya sauƙaƙa mana: wanka, likkafani, salla, sai kabari. To me ya sa muke tsawwala wa juna bayan an dawo daga maƙabarta?

A Satumbar 2024, da kwalekwale ya kife da manoma a nan Gummi, gidaje da dama sun rasa masu ciyar da su. Ki duba fa, 'yar'uwa: mace tana takaba, ga marayu, amma hankalinta yana kan abincin sadakar uku, bakwai da arba'in, wai kar a ce ba ta san darajar mijinta ba. Har hatsin marayu akan ɗiba, alhali gadonsu ne.

Da Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a dafa wa iyalansa abinci. Ashe kwano ya kamata mu kai gidan makoki, ba yunwa ba. Mamaci kuwa addu'a yake buƙata, da a biya masa bashinsa. Allah Ya sa mu cika da imani, amin.