Yaro na iya jan ayari?

 Yau zan kai ku ƙasa mai nisa, wato Amurka, mu saurari wata gardama. A kan wasan ƙwallo aka yi ta. Amma tambayar da ke cikinta ta fi wasa girma. Shin yaro na iya shiga gaban manya ya ja su? In kuma an ba yaro gaba, ina hakkin babban da aka janye? Ku karanta sannu-sannu, daga ƙarshe kowa ya yanke nasa hukunci.

Wane irin wasa ne?

Wannan ba ƙwallon ƙafa ba ne irin wanda muka sani. Amurkawa suna da nasu dabam. Ƙwallon dogo ne kamar gwanda, da tsini baki biyu. Da hannu aka fi yin wasan. Kowane gefe mutum 11 ne. Tsawon fili ya ɗan haura metir 90. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama 4 su matsa gaba da metir 9. In sun matsa, a sake ba su 4. In sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya samu maki 6. Wanda ya buga shi da ƙafa ya bi tsakanin sanduna biyu ya samu maki 3. Akwai kokawa cikin wasan, don mai riƙe da ƙwallo kama shi ake yi a kayar.

Cikin mutum 11 ɗin nan akwai ɗaya da ya fi kowa ɗaukar nauyi. Amurkawa suna ce masa kwatabak. Mu sai mu kira shi madugu, don aikinsa ya yi kama da na madugun ayari. Kafin kowace dama shi ke tara abokansa ya gaya musu dabarar da za a yi. Shi ake fara miƙa wa ƙwallo. Ƙattai biyar suna tsaye gabansa suna kare shi, kowanensu ya fi kilo 130. Ƙattan ɗaya gefen kuwa suna rugowa don su danne shi. Cikin sakan 3 ko abin da bai kai ba, sai ya duba, ya zaɓi wanda zai jefa wa, ya jefa. In ya yi kuskure, ƙwallo ya faɗa hannun abokan karawa, mutum goma sun yi wahalar banza.

Babba da yaro

A kusa da birnin Boston akwai wata ƙungiya da ake kira New England Patriots. Madugunta a lokacin Drew Bledsoe ne. Kowace shekara ƙungiyoyin Amurka suna zaɓen sababbin ƴan wasa daga jami'o'i, bi da bi. A 1993 Bledsoe aka fara ɗauka duk ƙasar. Ya kai ƙungiyar har wasan ƙarshe na kofi a farkon 1997, ko da yake ba su ci ba. A watan Maris na 2001 aka sabunta masa kwantaragi na shekara 10, a kan dala miliyon 103. Dalar Amurka nake nufi, ba dala tamu ta sefa biyar ba. Kafin shi ba a taɓa yi wa ɗan wasa alkawarin kuɗi haka ba a wannan wasa.

Bayansa akwai wani yaro, Tom Brady. Shi kuwa a zaɓen shekara ta 2000 sai da aka ɗauki mutum 198 kafin a zo kansa. Madugai 6 aka fifita a kansa. Shekararsa ta farko sau 3 kawai ya jefa ƙwallo cikin wasa, ɗaya ne ya isa hannun wanda aka jefa wa.

Ran 23 ga Satumba 2001, cikin wasa da New York Jets, wani ɗan wasa ya yi karo da Bledsoe da ƙarfi. Jijiyar jini ta tsage cikin ƙirjinsa. Aka kai shi asibiti, saura kaɗan ya rasa ransa. Dole aka sa yaron. Shekararsa 24. Ƙungiyar ta riga ta faɗi wasanni biyu na farko.

Yaro ya kama. Wasansa na farko suka ci 44 da 13. Amma ba kullum ake kwana a gado ba. Ƙarshen Oktoba, a birnin Denver, sau 4 ya jefa ƙwallo hannun abokan karawa cikin kashi na ƙarshe na wasa, suka faɗi. Mako na gaba ya dawo ya yi wasa mai kyau, suka ci. Tsakiyar Nuwamba likitoci suka ce Bledsoe ya warke. Zuwa ran 18 ga Nuwamba yaro ya ja ƙungiya wasa 8, an ci 5, an faɗi 3. Nan gardama ta tashi. A rediyo, a jaridu, a gidajen cin abinci, magoya baya suka rabu biyu.

Abin da kowane gefe ya ce

Masu son babba suna da hujja uku. Ta farko, sanin aiki. Mutum ya shekara 8 yana ja, ya ga rana ya ga sanyi. Mu ma mukan ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ta biyu, wasa 8 bai isa a san mutum ba. Yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke, kuma ranar ba ta take ba tukuna. Ta uku ta fi sauran nauyi. Bledsoe bai yi laifi ba. Wajen yi wa ƙungiya aiki ya zubar da jininsa. Ƴan wasan nan suna da wata al'ada da ba a rubuta ba, cewa rauni ba ya raba mutum da wurinsa. In an karya ta, gobe wa zai yarda ya sa ƙirjinsa?

Masu son yaro su ma ba su rasa ta cewa ba. Suka ce, ku duba sakamako. Shekarar da ta wuce, da babba a gaba, wasa 5 aka ci cikin 16. Bana ma da shi aka faɗi biyun farko. Yaro ba ya riƙe ƙwallo ya daɗe, yana jefa wa na kusa, ana matsawa kaɗan-kaɗan. Suka ce kuma, kuɗin da aka biya babba ba hujja ba ne. Tsadar sirdi ba ta sa doki gudu.

Mai horar da ƙungiya, Bill Belichick, shi ke da yanke magana. Bayan sun faɗi a hannun St. Louis Rams ran 18 ga Nuwamba, sai ya ce yaro zai ci gaba har ƙarshen kaka. Bledsoe ya ji zafi, bai kuma ɓoye ba. Amma bai raba kan ƙungiya ba. Ya zauna gefe yana ba yaro shawara.

Yadda ta ƙare

Daga ranar nan ba su sake faɗuwa ba. Wasa 9 suka ci a jere. Cikin wasan kusa da na ƙarshe, a Pittsburgh, yaro ya ji ciwo a idon sawu. Aka kira babba. Wata huɗu bai yi wasa ba, amma ya shiga ya jefa ƙwallon da ya kawo maki 6, suka ci 24 da 17. Da tsohuwar zuma ake magani. Gardama ta sake tashi sabuwa: wa zai ja su wasan ƙarshe? Belichick ya sake cewa yaro.

Ran 3 ga Fabrairu 2002 aka yi wasan kofi, wanda suke kira Super Bowl. Da Rams ɗin nan suka sake haɗuwa, kuma mafi yawan masana Rams suka ba nasara. Saura minti 1 da sakan 21, maki 17 da 17, ƙwallo yana hannun yaro can nesa, kusa da gidansu. Wani sanannen mai sharhi a telebijin, John Madden, ya ce gara su bar lokaci ya ƙare a shiga ƙarin lokaci. Tsoronsa kada yaro ya yi kuskure. Yaro bai firgita ba. Ya yi ta jefawa gajere-gajere har suka matso. Adam Vinatieri ya buga da ƙafa daga wajen metir 44, ƙwallo ya shiga, lokaci ya cika. Suka ci 20 da 17. Shi ne kofin farko na ƙungiyar. Brady ya ci gaba da wasa har ya ɗauki kofi 7, ya aje a 2023.

To, wa ke da gaskiya?

Mai karatu, kada ka yi saurin cewa masu son yaro sun fi hankali. Mu da muka san ƙarshen labari, magana ta yi mana sauƙi. A watan Nuwamba na 2001 ba wanda ya san gobe. Kuma yaro bai ci shi kaɗai ba. A wasan kofi masu tsaron gida ne suka fi yin aiki, har ɗayansu ya ƙwace ƙwallo ya kai shi ƙarshen fili. Sa'a ma ta taimaka. A wani wasa cikin ƙanƙara da Oakland, ƙwallo ya kuɓuce wa yaro dab da tashi. Alkalin wasa ya duba ya ce ba kuɓucewa ba ce, jifa ce da ba ta isa ba. Har yau mutanen Oakland ba su yarda da hukuncin nan ba. Da an yanke shi dabam, da labari ya tsaya nan, da an ce an ba yaro abin da ya fi ƙarfinsa.

Ga wani labari da ke nuna wuyar sanin yaro da wuri. A 1998 an ɗauki madugai biyu, na ɗaya da na biyu duk ƙasar: Peyton Manning da Ryan Leaf. Leaf ya ci wasanninsa biyu na farko. Manning ya faɗi huɗu na farko. Shekarar nan sau 28 Manning ya jefa ƙwallo hannun abokan karawa, ƙungiyarsa ta ci 3 ta faɗi 13. Ba a janye shi ba. Shekara ta gaba suka ci 13 suka faɗi 3. Leaf kuwa kafin shekara 5 ya bar wasan. Wanda ya yi hukunci cikin makonnin farko, duka biyu ya kuskure.

Saboda haka ni ga abin da na gani. Shekaru ba su ba da amsa. Kuɗi da suna ba su ba da amsa. Nasarar farko ma ba ta ba da amsa. Abin dubawa shi ne halin mutum washegarin kuskurensa. Yana ɗora laifi kan wasu, ko yana ɗauka? Yana firgita, ko yana gyarawa? Ba ranar 44 da 13 aka fara sanin Brady ba. Mako bayan Denver aka fara saninsa. Kuma ba za ka ga wannan hali ba sai ka ba mutum gaba na gaske, inda zai iya yin kuskure na gaske. Wanda ya ce ba zai ba yaro ragama ba sai yaro ya san hanya, ya manta shi ma da ragama a hannu ya san ta.

Hakkin babba fa?

Nan ne wurin da ya fi ciwo, ba zan kuma rufe shi ba. An cuci Bledsoe? Ta wani gefe, i. Ya rasa wurinsa ba da laifinsa ba. A watan Afirilu na 2002 aka miƙa shi ga wata ƙungiya, ta birnin Buffalo. Duk wanda ya taɓa kwanta ciwo ya tashi ya tarar wani ya zauna wurinsa, ya san wannan ɗaci.

Amma mu tambayi kanmu, gaban ayari na wane ne? Na madugu ne, ko na ayari? In ladan wahala ne, to babba ya fi cancanta, magana ta ƙare. In kuwa amana ce ta mutanen da ke baya, to wanda ya fi iya kai su yau shi ya kamata ya riƙe. Ni ina ganin amana ce. Wanda ya yi wahala ana binsa da godiya, da girmamawa, da gaya masa gaskiya ido da ido. Waɗannan bashi ne, dole a biya. Gaban ayari kuwa ba a biyan bashi da shi, don rayuwar wasu na ciki.

Ku lura da abu ɗaya. Da babba ya yi fushi ya tafi, ko ya zauna yana zuga, ran da yaro ya ji ciwo a Pittsburgh wa zai shiga? Kofin nan da hannu biyu aka ɗauke shi. Mutanen Boston ba su manta ba. A 2011 sun sa sunan Bledsoe cikin jerin manyan ƴan wasan ƙungiyarsu da ake girmamawa.

Ƴan'uwa, Amurka na da nisa, amma ranar irin wannan zaɓe tana zuwa ma kowa. In kai ne yaron, kada nasarar farko ta ruɗe ka, ka jira ranar kuskurenka. In kai ne babban, ka tuna zama gefe da zuciya ɗaya ya fi shiga gaba wuya. In kuma kana cikin masu gardama, ka ba mutum lokaci kafin ka yanke, don shi ke cikin rana, kai kana inuwa.

Yanzu ku zauna ku tattauna tsakaninku. Da kai ne Belichick a watan Nuwamban nan, ba ka san gobe ba, wa za ka sa gaba? Me kuma za ka gaya wa wanda ka bari?

Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana. Sai fitowa ta gaba.