Kamanni da Hakki: Jinin Biri a Ɗakin Gwaji

Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun garkuwar jiki, da yawansu ba sa rarrabuwa a ido ko da an duba su da madubin likita, shi ya sa masana ke gane su ta wasu alamomi na furotin da ke bisa fatarsu, kamar yadda dattawan ƙasar Kance kan gane asalin baƙo daga askar fuskarsa. A wani taro da aka yi a Paris a 1982 aka fara yi wa alamomin suna da haruffan CD. CD3 tana nuna ƙwayoyin T, CD20 tana nuna ƙwayoyin B, ita kuwa CD4 ta nan ƙwayar cutar sida ke kama ƙwayar jini ta shige, kuma idan ƙwayoyin jini masu ɗauke da CD4 suka gaza 200 a mikrolita guda na jini, to garkuwa ta karye.

Abin da ke jan hankalin mai tunani shi ne, yawancin sinadaran da aka haɗa domin su manne wa waɗannan alamomi a jinin ɗan Adam suna manne musu a jinin birin makak na Asiya. Ta haka aka bi diddigin yadda SIV, 'yar'uwar ƙwayar sida da aka gano a waɗannan birai a 1985, ke cinye ƙwayoyin CD4, kuma a jikin biran aka nuna a 1995 cewa maganin tenofobir yana hana kamuwa da SIV. Mai karɓar wannan magani yau a asibitin Matameye, cikin jihar Damagaram, akwai bashin biri a kansa ko da bai sani ba.

Wasu na ganin wannan kamanni yana rage wa ɗan Adam daraja, alhali karamcin da Allah Ya yi masa na hankali ne da ɗaukar amana, ba na furotin ba. Kamannin ma ba cikakke ba ne, domin CD56, wadda ke nuna ƙwayoyi masu kashe maƙiyi kai tsaye a jinin mutum, ba ta wadatar wajen gane su a jinin makak. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne na masu ɗauka cewa tunda an hore wa mutum dabbobi, ba za a tambaye shi a kansu ba. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta ƙirga dabbobi cikin al'ummomi, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Jikin da ya yi kama da na mutum har ana koyon magani da shi, yana jin zafin allura da ƙuncin keji. Malaman fiƙihu sun ce lalura ana auna ta ne gwargwadonta, saboda haka gwajin da za a iya yi ba da biri ba, ko da birai kaɗan, ko da sauƙin azaba, amma aka ƙi, zalunci ne ko da ya haifar da magani.