Zama a gindin dutsen wuta: tawakkali ne ko ganganci?

Ranar 1 ga Janairun 2015 aka soke Lardin Napoli daga jerin lardunan Italiya, aka maye gurbinsa da hukumar babban birni da kewayensa. Suna da ofis ne suka canja. Ƙananan hukumomi 92 suna nan yadda suke, haka tsibiran Ischia da Capri da Procida, haka mutum wajen miliyan uku da suka cushe a filin da bai kai murabba'in kilomita 1,200 ba. Duk ƙasar babu lardin da ya kai shi cunkoso.

Wannan taron jama'a kuwa tsakanin wuta biyu yake zaune. A gabas ga Besubiyo, dutse mai aman wuta, tsayinsa mita 1,281. Shi ne ya binne Pompei da Ercolano a shekara ta 79 miladiyya, ya kashe dubban mutane a 1631, ya malale Torre del Greco da narkakken dutse a 1794, ya sake tashi a watan Maris na 1944 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A yamma ga Campi Flegrei, wanda ido ba ya ma ganinsa a matsayin dutse: makeken rami ne da garuruwa suka zauna a cikinsa, ƙasa tana kumbura tana sacewa. Tsakanin 1982 da 1984 ƙasar Pozzuoli ta ɗaga kusan mita biyu, har aka kwashe dubun-dubatar mutane daga tsohon gari.

Da na shiga jirgin ƙasa na Circumvesuviana, wanda ke bi ta gindin Besubiyo, abin da ya tsaya mini a rai shi ne benaye. Suna hawa gangaren dutsen ɗaya bayan ɗaya, kowace baranda da shanyar tufafi, a ƙarƙashinsu yara suna buga ƙwallo a lungu. A Torre del Greco na tambayi wata dattijuwa mai sayar da tumatirin nan nasu ƙanana, da ake ɗaurewa dami-dami a rataye har tsakiyar hunturu, ko ba ta jin tsoro. Ta ce mahaifiyarta ta share toka daga rufin gida a 1944, kuma a gidan ta rasu da tsufanta. Sai ta ɗaga hannu sama, ta ci gaba da awo.

Wannan ɗaga hannun ba baƙo ba ne a wurina. Shi ya sa tambayar ko tawakkali ne ko ganganci ta dame ni.

A lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya doshi Sham, ya kai wani wuri da ake kira Sargh, labarin cutar ya iske shi. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke cewa a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara zai yi. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma a cikin ƙaddara take, ya kawo misalin makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya dausayi ɗaya fako: duk inda ya kai raƙumansa, da hukuncin Allah ya kai su. Umar ya koma Madina. Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa, annobar ta ɗauke shi. Dukansu biyu suna cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, don haka ba ni da bakin cewa mai zama ya fi mai tafiya imani, ko mai tafiya ya fi mai zama hankali.

Sai dai Napoli ta ƙara wa misalin nauyi. A kwarin Umar, dausayi shi ne zaɓin mai hankali. A nan kuwa gefen dausayin shi ne gefen wutar. Tokar da ta binne Pompei ita ce takin da ke fitar da inabi da tumatirin da ake nema har ƙasashen waje. Mutum bai zauna a wurin don raina mutuwa ba, abincinsa ne a wurin, da kabarin iyayensa, da dangin da za su riƙe masa yara in ya kwanta ciwo. A 2003 gwamnatin yankin Campania ta yi tayin Yuro 30,000 ga iyalin da zai ƙaura daga wurin haɗari. 'Yan kaɗan ne suka karɓa, kuma ban ga laifin sauran ba. Kuɗin ba ya sayen gida, balle ya sayi sana'a da maƙwabta.

Mutanen birnin Napoli suna da tasu hanyar kai kuka. Kowace 16 ga Disamba ana fito da kwalbar da suka yi imani jinin waliyyinsu San Gennaro ne a ciki, don tuna tashin dutsen na 1631, ana jira a ga ko zai narke. Ni Musulmi ne, wannan ba aƙidata ba ce, amma na san tsoron da ke kai mutum can. Abin da ya burge ni shi ne, ƙasar da ke wannan taro ita ce ta gina wurin sa ido kan Besubiyo tun 1841, irinsa na farko a duniya. Ba su ga karo tsakanin addu'a da na'urar auna girgiza ba, ni ma ban gani ba.

Inda zuciyata ta ƙi yin sassauci daban ne. Ranar da dutsen zai tashi ba ta hannun kowa. Yawan mutanen da zai iske, da faɗin titin da za su gudu ta kai, waɗannan aikin hannun ɗan Adam ne. Bayan 1944 dutsen ya yi shiru, sai aka ɗauki shirunsa tamkar alkawari, aka yi ta gini, da yawa ba tare da izini ba. Gwamnatin ƙasa kuma ta yi wa haramtattun gine-gine afuwa a 1985 da 1994 da 2003. Wanda ya ɗora bene ya zuba 'yan haya, da wanda ya sa hannu ko ya kau da kai, sun san abin da masana suka auna. Tsohuwar da ta gaji gidan uwarta ranta ta ba Allah amana. Su kuwa rayukan wasu suka jingina da dutsen, suka karɓi kuɗi a kai. In irin wannan ya ce ƙaddara, ina ganin ya ɗauki kalma mai tsarki ya rufe cinikinsa da ita.

Yau hukuma ta shata abin da take kira jan yanki a kewayen Besubiyo: garuruwa 25, mutum wajen 700,000. Tsarin ya ce a kwashe su duka cikin awa 72 da zarar alamu sun tabbata, kuma an raba wa kowane gari yankin da zai karɓe shi. Mutanen Portici za su nufi Piemonte, na Torre del Greco Lombardia, na Pompei kuwa sai an tsallaka teku da su zuwa Sardiniya. Duk ɗakin da aka ƙara a gangaren nan, wani iyali ne aka ƙara a layin da zai bi waɗancan ƙananan tituna cikin kwana ukun.