Igiyar Aure Tsakanin Addini da Dokar Ƙasa

Tun ranar 1 ga Afrilu, 2001, ranar da Holan ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta buɗe littafin aurenta ga namiji da namiji, da mace da mace, wata jayayya ta tashi a ƙasashen Turawa wadda har yau ƙurarta ba ta lafa ba. Ta bi ta Beljiyam da Sifen da Kanada, ta sauka Afirka ta Kudu a 2006, ta cika titunan Paris da dubun dubatar masu zanga-zanga a 2013, har ta kai gaban Kotun Ƙolin Amurka, inda a ranar 26 ga Yuni, 2015, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, aka yanke cewa babu jihar da ke da ikon hana irin wannan aure. Mu nan labarin yakan iso mana ne a guntule, ta bakin rediyo ko ta bakin mai wa'azi, mu yi a'uziyya mu wuce, alhali kuwa a ƙarƙashin ƙurar akwai tsohuwar mas'ala da ta shafi duk mai addinin da ke zaune ƙarƙashin dokar da ba malamansa suka rubuta ba, watau wane ne ke da ikon cewa wannan aure ne wancan ba aure ba ne, kuma a ina ikon nasa ya tuƙe.

Hukuncin addini dai ba shi da duhu. Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gida da hantsin Asabar ya san yadda ake yi: wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya ce ya bayar, a ambaci sadaki a gaban shaidu a ce lakadan ne ko ajalan, liman ya yi addu'a a shafa Fatiha, a raba goro da alewa, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da na bayan sahu cewa aure ya ɗauru. Waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai su ne abin da ɗalibi yake fara tararwa a babin aure na Risala ta Ibn Abi Zaid, sa'an nan in ya yi nisa a fiƙihu a koya masa siga da mahalli, watau miji da mata waɗanda babu abin da ya hana su auren juna. In babu mahalli babu abin da za a ɗora ƙulli a kansa. Saboda haka abin da majalisun Turai suka halatta, a ma'aunin mazhabar Maliku da ta sauran limamai, bai ma kai matsayin aure fasidi da za a yi maganar raba shi kafin tarewa ko bayanta ba. Ba a ƙulla komai ba tun asali. Cocin Katolika da na Otodoks da galibin majami'un Afirka a nan suke tsaye, ni ma a nan nake, kuma babu ƙuri'ar da za ta sauya wannan. Sai dai ina so mai karatu ya lura da abu guda a zaman nan na ƙofar gida: babu ma'aikacin hukuma ko ɗaya a wurin, kuma auren ya inganta.

A Turai al'amarin ya bi wata hanya dabam. Taron malaman Katolika na Tirento, a 1563, ya wajabta a ɗaura aure a gaban fada da shaidu. Ingila a 1753 ta tilasta wa kowa ɗaurawa a cocin gwamnati, ban da Yahudawa da wata ƙaramar ɗariƙar Kirista. Da juyin juya halin Faransa ya zo, sai a 1792 aka ƙwace littattafan haihuwa da aure da mutuwa daga hannun coci aka miƙa su ga hukumar gari, Ingila kuma ta buɗe nata ofisoshin rajista da dokar 1836. Har gobe a Faransa sai an ɗaura a gaban magajin gari kafin a je coci ko masallaci, kuma akwai horo a kan malamin addinin da ya mai da ɗaura aure kafin na hukuma al'adarsa. Daga nan aka sami igiya biyu, ta addini wadda ke halatta shimfiɗa ta kuma tabbatar da nasaba a gaban Ubangiji, da ta hukuma wadda aka rataya mata gado da haraji da fansho da izinin zama a ƙasa da haƙƙin tsayawa a kan maras lafiya a asibiti. A kan wannan ta biyun ne aka yi dukkan shari'o'in da muke jin labarinsu.

Dubi wanda sunansa ke kan hukuncin Amurka. Jim Obergefell ya shekara sama da 20 tare da wani mutum mai suna John Arthur a jihar Ohio, har ciwon shanyewar jijiyoyi ya kwantar da shi Arthur, likitoci suka yanke ƙauna. Tun da jiharsu ba ta yarda ba, sai a watan Yuli na 2013 aka ɗauki majinyacin a kan gadonsa cikin jirgin ɗaukar marasa lafiya zuwa jihar Maryland, aka yi musu abin da dokar can ta tanada a cikin jirgin yana tsaye a filin sauka, suka juyo; bayan wata uku ya rasu. Abin da Obergefell ya kai ƙara a kansa shi ne a rubuta sunansa a takardar shaidar mutuwar a matsayin abokin auren da mamaci ya bari. Bai nemi albarkar wani fada ba, bai kuma ce wani littafi ya sauya hukuncinsa ba. Mumini yana iya ƙin aikin ƙi na gaskiya, ya kuma gane cewa mutumin da ke gabansa ɗan Adam ne mai jinya da makoki, domin ƙin saɓo bai taɓa wajabta bushewar zuciya ba, kuma wanda bai fahimci abin da abokin jayayyarsa ke nema ba hujjarsa takan faɗa inda babu kowa.

A nan ne nake ganin ya kamata Musulmin da ke zaune a waɗancan ƙasashe ya tsaya ya yi nazari, domin ma'anar auren da aka fito tituna ana karewa ba ta taɓa zama tamu ba. A 1866 wani alƙalin Ingila, Lord Penzance, ya ƙi sauraron ƙarar saki ta wani mutum mai suna Hyde, saboda an ɗaura aurensa a Utah cikin mabiya Mormon masu halatta mace fiye da ɗaya, ya ce auren da ƙasashen Kirista suka sani haɗuwa ce ta namiji ɗaya da mace ɗaya tak har mutuwa. A 1879 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da hukunci a kan George Reynolds saboda ya yi mata biyu bisa koyarwar addininsa, ta ce aƙida tana da 'yanci amma aiki yana ƙarƙashin doka. A 1993 Faransa ta hana ba mai mata fiye da ɗaya takardar zama ta dogon lokaci, iyalai da yawa 'yan Afirka ta Yamma, musamman 'yan Mali, suka shiga tsaka mai wuya, wasu suka rabu a takarda don kada a kore su. To, wanda ya ce hukuma ta ɗauki ma'anar aure daga addinin masu rinjaye ta ɗora wa kowa, ya sani cewa da wannan ƙa'ida aka soke auren kakansa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yana da haƙƙi ya jefa ƙuri'arsa inda imaninsa ya nuna masa, ya kuma faɗi ra'ayinsa a fili ba tare da a kira shi maƙiyi ba, amma kada ya zaci tsiran addininsa na rataye da abin da aka rubuta a littafin magajin gari.

Magabatanmu ma sun san wannan bambanci tun suna da mulki a hannu. Majusawan Farisa da suka shiga ƙarƙashin zimma suna halatta auren muharramai, abin da babu Musulmin da zai ji bai yi tsaki ba, amma duk da haka malamai suka yi saɓani a kan ko za a shiga tsakaninsu. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya aika a raba irin waɗannan aurarraki. An kuma ruwaito cewa Umar ɗan Abdul'aziz ya tambayi Hasanul Basari dalilin da ya sa aka ƙyale su, Hasan ya amsa da cewa sun ba da jizya ne domin a bar su da abin da suka ƙudurce. Imamu Abu Hanifa kuwa ya tafi a kan cewa ba a taɓa su sai in sun kawo kansu gaban alƙalin Musulmi. Ba na cewa ƙiyasin ya cika ta kowace fuska, domin malaman nan ba su yi maganar auren jinsi ɗaya ba. Abin da nake ɗauka daga gare su shi ne cewa ƙyalewar hukuma dabam, halattawar shari'a dabam, kuma Musulmi ya daɗe da iya zama da maƙwabcin da aurensa batili ne a wurinsa ba tare da imaninsa ya ragu ba.

Inda haɗarin yake na haƙiƙa shi ne tilas. Denmark, inda coci na gwamnati ne, majalisa ta yi doka a 2012 cewa a ɗaura auren jinsi ɗaya a cikin cocin. Fada ɗaya yana iya janye hannunsa, amma sai bishop ya samo wani. Ingila kuwa, a dokarta ta 2013, ta rubuta ƙarara cewa ba za a tilasta wa wani wurin ibada ko malamin addini ba. Darasin Denmark ya isa abin tsoro ga duk mai son ganin addini a tafin hannun gwamnati, domin hannun da ya ciyar da kai yau shi zai rubuta maka huɗuba gobe. Wannan iyaka ce da bai kamata a sassauta a kanta ba ko da taƙi ɗaya: liman da fada da limamin Yahudawa ba ma'aikatan rajista ba ne, kuma ranar da aka ce su ɗaura abin da littafinsu ya hana, ranar 'yancin addini ya zama suna kawai.

Sha'anin ma'aikacin hukuma ya fi wuya. Lillian Ladele, mai rajista a unguwar Islington ta Landan, ta rasa aikinta saboda ta ƙi yi wa masu jinsi ɗaya rajista, ta kuma faɗi a Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai a 2013. Faransa ta hana magadan gari uzurin imani a shekarar. Afirka ta Kudu ta ba ma'aikatanta uzurin a 2006 ta janye shi a 2020. Kim Davis, magatakardar wata gunduma a jihar Kentucky, ta kwana biyar a kurkuku a Satumban 2015 saboda ta rufe ba da lasisin aure ga kowa da kowa, ta kuma hana mataimakanta bayarwa. A ganina ta yi daidai da ta ƙi sa sunanta a kan abin da take ganin saɓo ne, ta kuma yi kuskure da ta rufe ofishin da amana ce ta jama'a a hannunta, ba gadon gidansu ba. Daga baya jihar ta cire sunayen magatakarda daga takardar gaba ɗaya, kowa ya sami abin da yake nema. Irin wannan maslaha tana yiwuwa a mafi yawan wurare, in dai ɓangaren da ya yi rinjaye bai ƙudurci wulaƙanta wanda ya kayar ba.

Nijeriya ta bi kishiyar hanya. A ranar 7 ga Janairu, 2014, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya ƙulla auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga wanda ya shaida, ko ya taimaka, ko ya shiga ƙungiyar masu wannan hali. Kafin ranar babu ɗaya cikin aurarraki uku da dokarmu ta sani, na rajista da na gargajiya da na Musulunci, da ya yarda da irin wannan ƙulli, kuma Final Kod ta Arewa ta riga ta haramta aikin kansa. Watau ƙofar da aka ce an zo rufewa a rufe take. Abin da ya ƙaru shi ne farauta. A cikin watan nan ne taron mutane suka yi ruwan duwatsu a kan wata kotun shari'a a Bauchi suna neman a gaggauta kashe waɗanda ake tuhuma, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama, aka ɗage zaman. Wanda ya jefi kotun alƙali da dutse bai taimaki shari'a da komai ba, ya dai nuna cewa fushinsa ya fi masa hukuncin Allah girma. Shari'ar da ta tsananta haramcin ita ce ta ƙuntata ƙofar tabbatar da laifin: ta nemi shaidu huɗu adilai da suka gani da ido, ta karɓi janyewar wanda ya yi iƙirari, ta tunkuɗe haddi da shubuha, ta hana tajassusi a Suratul Hujurati, kuma a mazhabarmu wanda ya jefi mutum da luwaɗi bai kawo shaidun ba bulala 80 ce a bayansa. Ɗan daudun da ke sayar da abinci a tasha, wanda ake tarewa a ƙwace masa ciniki da barazanar tona asiri saboda tafiyarsa ko muryarsa, jininsa da dukiyarsa da mutuncinsa haramun ne kamar na kowa.

Saboda haka ina kira ga malamanmu masu hawa mumbari ranar Juma'a, da masu wa'azi a gidajen rediyo: in kun faɗi haramcin wannan aiki, kuma ku faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba, to, a huɗuba ɗaya ku faɗi haramcin ƙazafi da leƙen asirin mutane da ɗaukar doka a hannu, domin matasan da ke sauraronku rabin farko kaɗai suke fita da shi.