Maƙwabcin da ba ya jin kiran sallarmu

Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan iyakar maƙwabtaka. Wasu sun ce gida arba'in ta kowace fuska. Wasu sun ce duk wanda kiran sallar masallacinku yake kaiwa kunnensa maƙwabcinka ne. Wasu kuma suka bar abin ga al'adar gari. Ma'auninsu dai ɗaya ne, wato nisan da ƙafa za ta taka ko murya za ta kai, domin cutar da mutum kan yi wa ɗan'uwansa a wancan zamani galibi ba ta wuce nan ba: hayaƙin murhu, indararon da ke zuba a tsakar gidan wani, kwatar da aka saki a lungu, katangar da ta tare iska. Ni kuwa a ƙasar Haɗejiya na tashi, inda abin da zai shiga tukunyar gidanmu ake yanke hukuncinsa can sama da Kano, a hannun mutanen da ba su taɓa jin sunan ƙauyenmu ba. Shi ya sa tambayar nan ta daɗe tana cina a rai: haƙƙin maƙwabtaka ƙafa yake bi, ko kuwa yana bin ruwa da iska duk inda suka kai?

Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan sunan ya koma kogin Haɗejiya. Da ya wuce garin Haɗejiya sai ƙasa ta shimfiɗe, ruwan ya rasa gangara, ya rarrabu tsakanin tuddan yashi, ya malale a fadamu har Nguru. Can wajen Gashuwa yake gamuwa da kogin Jama'are wanda ya taso daga tsaunukan Jos, su zama kogin Yobe, ya bi ta Gaidam da Diffa ya nufi Tafkin Chadi. Kafin a yi madatsun ruwa, rayuwar wannan yanki duka a kan zuwa da tafiyar ambaliya take. Ruwa ya iso a tsakiyar damina ya tarar an riga an shuka shinkafa. Tarwaɗa da karfasa su bi shi cikin ciyawa su zuba ƙwai. In kaka ta yi ya fara janyewa, manomi ya bi sawunsa yana shuka wake a danshin da ya bari, masunci ya tare bakin kududdufi, Fulani su gangaro da shanu su ci sabon tsiro su bar taki. Wanda ƙasa ta shanye kuma ba asara ba ne, shi ne yake tsatsafowa a rijiyoyin ƙauyukan da ko kogin ba sa hangowa, shi ne goruba take sha. Har tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai suna ƙetare hamada su sauka a Dagona. Fili ɗaya, mutum uku ko huɗu suna ci a cikinsa a shekara, kowa da lokacinsa.

An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, fari yana kan ganiyarsa. Babu mai hankalin da zai ce mugunta ce ta gina ta. Birnin Kano yana buƙatar ruwan sha, kuma tumatir da alkama da shinkafar da ake noman rani a Kadawa da Kura sun rufa wa dubban gidaje asiri. A 1992 aka ƙara ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Abin da ya biyo baya a wajenmu iri biyu ne, kuma na biyun ya fi ban mamaki. Ambaliyar damina ta ragu, wannan kowa ya zata. Amma kogin da a da yake ƙafewa da rani, yanzu ana sako masa ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, bai cika ba, bai bushe ba. Wannan kuwa shi ne abin da ciyawar kacalla take so. Bushewar rani ce take kashe ta a da. Da ta samu danshin da ba ya yankewa sai ta kama bakin kogi, ta shiga tsakiyarsa, ta riƙe laka, ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan ya juya ya bi ta rafin Marma ya kwanta a gonakin wajen Nguru, alhali ƙauyukan da ke kan tsohuwar hanyarsa suna kallon busasshen rafi. Tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya a cikinta, daga nan suke tashi su faɗa wa gero da shinkafa. Sauro ya samu gida, haka dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Na ga yadda ake yaƙi da ita. Aikin gayya ake kira, maza su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, domin sai an yanke ta a ƙarƙashin ruwa sannan kututturen yake shaƙewa ya ruɓe. In ka sare ta a sama ka yi mata aski ne kawai. Tsawonta ya fi na mutum, ganyen yana yanka hannu, matsattsaku suna manne wa ƙwauri. Yara a kwalekwale suna jan abin da aka yanke zuwa gaɓa. Kawuna, wanda ya gaji sana'ar su daga mahaifinsa, ya fito yana ɓamɓare matsattsaku daga ƙafarsa, na ce, "Kawu, ashe ruwa ma yana yi wa masunci yawa?" Ya ce, "Ɗan nan, da ruwa baƙo ne. Ya zo, mu karɓe shi, ya tafi ya bar mana goma ta arziki. Yanzu ya zo ya zauna, kuma ba da hannu cike ya zo ba." Bai zagi kowa ba. Da na ambaci madatsa sai ya ce su ma can bayin Allah ne, ƙishirwa suke ji.

Wannan maganar tasa ita ce tushen wahalar tambayar. Ga cuta a fili, amma ina azzalumin?

Farin 1973 da na 1984 sun koya mana irin wannan darasi a faɗin da ya fi na kogi. Dabbobi suka ƙare, mutane suka yi ƙaura, Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ya koma abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Aka fita roƙon ruwa, liman ya juya mayafinsa, aka ce mu tuba, zunubanmu ne. Masana daga waje su ma mu suka nuna da yatsa. A 1975 Jule Charney, masanin yanayi a Amurka, ya kawo ra'ayin cewa idan kiwo ya cinye tsiro, ƙasa ta yi fari fat tana mayar da hasken rana sama, hadari ba ya haɗuwa. Shekara da shekaru ana karanta wa manomi da makiyayi laifin gatarinsu da awakinsu. Sai a 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa ruwan Sahel yana bin zafi da sanyin tekuna, kuma a 2003 binciken Alessandra Giannini ya ƙarfafa hakan. Mu mun saba ganin hadari yana tasowa daga gabas, amma danshin da ke cikinsa iskar kudu maso yamma ce take ɗauko shi daga Tekun Atilantika. Iskar nan tana kutsowa arewa ne gwargwadon yadda arewacin duniya ya ɗumama. To a waɗancan shekaru masana'antu da tashoshin wutar kwal na Turai da Amurka suna tura hayaƙin farar wuta sama, yana tare hasken rana, arewacin tekun ya yi sanyi, damina ta ja da baya zuwa kudu. Binciken da aka yi daga baya ya sa wannan hayaƙi cikin dalilan farin. Ba shi kaɗai ba ne, sare daji ma yana da nasa kason, amma ma'aikacin da ke zuba kwal a tanderu a wata ƙasa mai dusar ƙanƙara yana da hannu a mutuwar saniyar da bai taɓa gani ba a Damargu.

Akwai masu jin irin wannan bayani su ɗauka an cire Allah daga lissafi. Ni ban ga haka ba. Wanda ya halicci iska shi ya ɗora mata ɗabi'ar ɗaukar danshi da hayaƙi, sanin sababi kuwa bai taɓa rage wa Mai sababin komai ba. Abin da bayanin ya yi mini shi ne ya sa na sake sauraron huɗubar roƙon ruwa da sabon kunne. Laifukan da hadisi ya danganta da ɗaukewar ruwa da tsananin fari, hana zakka ne da tauye mudu. Duka biyun haƙƙin bayi ne, abin wani ne ka riƙe. Kuma kowane ɗalibi ya san bambancin: haƙƙin Allah tuba tana wanke shi, haƙƙin bawa sai ka mayar ko ya yafe. Mu kuwa idan muka fita filin idi muna kuka, zunuban da muke tunawa su ne na tsakaninmu da Ubangiji, ko na 'yan mata da samarin gari. Ban taɓa jin an ambaci wanda ya karkatar da rafi zuwa gonarsa da dare ba, ko wanda ya sako ruwan rini da na jima cikin kogin da ake sha a ƙasa.

Sauran abin da ya fi nauyi shi ne: me ya sa wanda bai ji ba bai gani ba yake ɗaukar kayan? Na daɗe ina juya wannan. Inda na tsaya shi ne, da a ce kowace ɓarna kan mai yin ta take komawa nan take, da babu wani abu mai suna zalunci a duniya, sai dai wauta, wanda ya taɓa wuta ya ƙone. Saboda an saƙa halitta yadda aikin hannunka zai iya sauka a kan wani, shi ya sa ake maganar amana, shi ya sa akwai ranar hisabi. Alƙur'ani da kansa ya yi gargaɗi a kan fitinar da ba ta tsayawa a kan masu laifi kaɗai. Saƙar da take kai cuta kuwa ita take kai alheri. Hazon da ke rufe Kano da hunturu yawancinsa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, inda iska take matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta share gindin tsohon tafkin da ya ƙafe. Ƙurar nan gawarwakin ƙananan halittun ruwa ce, tana sauka a gonakinmu ta ƙara musu ƙarfi, tana kuma busar da maƙogwaro a watannin da sanƙarau ke yawo. Wani binciken hukumar NASA na 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 27.7 na ƙurar Sahara yana ƙetare teku ya sauka a dajin Amazon duk shekara, ɗauke da kusan tan 22,000 na sinadarin fosfaras da ruwan sama yake wanke wa dajin. Babu wanda zai iya zaɓar rabin wannan tsari ya ce ɗaya rabin a ɗauke masa.

Ma'aikacin kwal na 1960 bai sani ba, injiniyan Tiga ma bai hango kacalla ba, kuma Shari'a ba ta kama mutum da zunubin abin da ba shi da hanyar saninsa. Amma ko a fiƙihu, rashin sani zunubi yake ɗaukewa, ba ya ɗauke ramuwa: wanda ya fasa tulun wani bisa kuskure ba a kira shi mai saɓo, amma zai biya tulu. Balle yanzu da uzurin rashin sani ya ƙare. Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokansa suka auna abin da fadamun Haɗejiya da Nguru suke bayarwa na kifi da amfanin gona da itace, suka tarar cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi wanda aka tare don noman rani a sama amfani nesa ba kusa ba. Masana ruwa kuma sun daɗe da ba da shawarar a riƙa sako ruwa mai yawa daga madatsun a tsakiyar damina don a kwaikwayi ambaliyar da, a kuma bar kogin ya sha iska da rani.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna da hukuncin a littattafan da ke kan buzunmu. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya raba ruwan kwarurrukan Mahzur da Muzainib a Madina: na sama ya tare har ruwa ya kai idon sawu a gonarsa, sannan ya sakar wa na ƙasa. An ba na sama fifiko, Kano ta sha, Kadawa ta yi ban-ruwa, babu jayayya. Amma an yanka masa iyaka, kuma an hana shi riƙe rarar da ba ya buƙata. Almajirai suna karanta babin su wuce kamar labarin dabinon Madina ne kawai. Ina so in ga ranar da malaman Kano da na Haɗejiya da na Gashuwa za su zauna da injiniyoyin ruwa su fitar mana da amsa a kan nawa ne idon sawu a madatsa irin Tiga, a wane wata za a buɗe ƙofa, kwana nawa za a bar kogin ya bushe. A kuma kira sarkin ruwa da arɗo su zauna a shimfiɗar, tare da manoman tattasai na Diffa, waɗanda suke wata ƙasa daban amma kogin nan ɗaya suke jira.